Hancin Baudilio

Tun watan Yulin bara Zunilda ta san hancin mijinta ya mutu. Mura ce ta kwantar da shi kwana tara, irin wadda ke zuwa da ruwan sanyi, da ta tashi tafiya kuma ba ta tafi hannu wofi ba. Ranar da ya fara fitowa, waken da ta ɗora ya kama a gindin tukunya tana can wajen kaji. Ƙauri ya cika gidan har kare ya tashi ya bar kicin, shi kuwa Baudilio yana zaune daf da murhu yana gyaran linzami, yana 'yar waƙarsa a hanci. Ta tsaya ta dube shi. Ta juye waken, ta kankare tukunyar.

Da wani ne, da ba abin damuwa ba ne. Tsufa kan ɗauke wa wani haƙora, ya ɗauke wa wani ji, a ci gaba da zama. Amma Baudilio da hancinsa aka san shi. Gangar katako in ta daɗe ba komai a cikinta, tsami kan shige jikin itacen ya ɓuya, ido ba ya ganinsa, kuma duk giyar inabin da aka zuba mata ruwan khal mai tsami za ta koma. Shi ya sa a tuddan Guarilihue ba mai cika gangarsa sai ya aika an kira Baudilio. Ya zo a kan godiyarsa, ya cire hula, ya kafa hanci a bakin gangar, ya rufe ido. In ya ce "Zuba," a zuba. In ya yi shiru ya mayar da hularsa, mai gida ya san sauran. Shekara arba'in yana wannan, ladansa kaza ko kwandon dankali, wani lokaci ma sannu kawai. Ba shi da mota, bai yi karatu mai nisa ba, abin da yake da shi ke nan. Zunilda ta ga ba ita za ta ƙwace masa ba. Ta ce a ranta ƙila ya dawo in sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce, lemon tsakar gida ya yi fure har ƙamshinsa na hana ta sakat, shi kuwa yana bi ta ƙarƙashinsa kamar mai wuce katanga.

Sai abin ya faɗo a shekarar da bai kamata ba. Tudun da suke nomawa gado ne tsakanin Baudilio da ƙaninsa Nibaldo, wanda ya daɗe da komawa garin Coelemu yana tuƙin motar haya. Kurangar inabin da ke kan tudun sun girmi kakansu, gajeru ne masu kauri, a murɗe kamar yatsun tsoho, ba a ba su ruwa, da garmar doki ake bi tsakaninsu. Kowace kaka manyan motocin masu saye kan tsaya a gindin tudu, kuma ba sa faɗin farashi sai an gama yanka, inabi na kwance a kwanduna rana na dukansa. A lokacin wa ke da bakin ciniki? Bara kilo guda bai sayi burodi ɗaya ba. Nibaldo ya gaji. Wani kamfanin katako da ya riga ya shuke tuddan maƙwabta da itatuwansa ya yi masa tayi, shi kuma yana so a sayar.

Zunilda ce ta kawo wata shawara. Ta ce bana kada su ba motocin ko ƙwaya ɗaya. Giyar da Baudilio ke yi don sha a gida, ganga guda a shekara, a yi ta da inabin gonar duka, a ɗura a kwalabe, a sayar da sunansu a jiki. Akwai wata mata da ake kira Donya Orfelina mai gidan abinci a birnin Concepción, ta taɓa shan giyar a wajen wani biki, ta ce in za a samu irinta da yawa tana so.

Wani masani ya zo daga birni da takalmi mai tsabta, ya zaga gonar, ya ce abin ba zai yiwu ba sai sun tumɓuke tsofaffin kurangar sun dasa irin na Faransa, sun sayi tankunan ƙarfe, banki zai taimaka. Zunilda ta ba shi shayi da gurasar toka, ta tambaye shi ko giyar tankin ƙarfe Donya Orfelina ta sha ta yaba. Ya ce ai ba a nan maganar take ba. Ta ce ita a wajenta a nan take. Da abin da ke hannunsu za su fara: rariyar gora ta murzar inabi, kwami biyu na katako, babba da ƙarami, da ake tsima shi a ciki a ƙarƙashin rumfa, da ganga huɗu da mahaifin Baudilio ya bari, kowacce da sunanta. Auta ce ake cikawa duk shekara. Mai Ciki da Baƙa da Gurguwa kuwa tun rasuwar tsohon suke zaune da iska a cikinsu.

Da aka kai wa Nibaldo shawarar, sai ya ɗaga yatsa.

"Kaka ɗaya, matar Yaya. Ɗaya tak. In giyar ta fita, na ja bakina na yi shiru. In ta lalace, ba kuka ba magiya, ku biyo ni mu sa hannu."

Zunilda ta ce, "Mun ji, direba. Sauke yatsan kada sanyi ya kama shi."

To, ɗakin gangunan yana da doka. Ranar da aka kawo Zunilda gidan tana 'yar shekara ashirin da biyu, surukarta Donya Eufrasia ta kama hannunta ta kai ta bakin ɗakin, ta nuna mata dokin ƙofa da sandarta. Mace ba ta tsallake nan. In ta tsallake, giya ta yi tsami. Haka ta tarar, haka uwarta ta tarar, haka ake a kowane gida a tuddan. Mata su yanki inabi, su ɗauko shi, su murje shi da hannu a kan rariya har ruwansa ya rine musu damatsa, duk wannan giya ba ta ji komai ba, sai sun taka dokin ƙofa take tuna cewa mata ne. Ba wanda ya taɓa ganin abin tambaya a nan.

Zunilda ta gani, amma amarya ce, sai ta ce to. Ta kiyaye dokar wata biyar cur. Da zafi ya shigo, cukun da take yi ya fara lalacewa a kicin, ta lura duk gidan ba inda ya kai ɗakin ganguna sanyi. Wata rana da tsakar rana, kowa na barci, ta tsallaka da cuku biyu a naɗe cikin tsumma, ta ajiye a bayan Mai Ciki, ta fito. Ta zauna jiran giyar shekarar ta lalace. Giyar ta fita har ana zancenta a coci. Tun daga nan, shekara arba'in da ɗaya, kullum da rana sai ta shiga ta juya cukunta. Lokaci-lokaci guda kan ɓace, ta ɗora wa ɓera, ko da yake ba ta taɓa jin labarin ɓeran da ke ninke tsumma ya ajiye ba.

Bana ce ta yi abin da ta daɗe tana jin kunyarsa daga baya. Ita da ke yi wa camfi dariya, da ta ga tudun gaba ɗaya ya rataya a kan ganga huɗu, sai tsoro ya shige ta. In fa tsohuwar ce ke da gaskiya, shekarun nan duk sa'a ce kawai? Kafin a fara yankan inabi ta kwashe cukunta, ta ja ƙofar, ba ta sake tsallakawa ba. Ta lallashi kanta da cewa Baudilio ya san gangunan nan kamar 'ya'yan cikinsa, ko ba hanci zai gane.

Aka yi yanka a watan Afrilu, lokacin kaka a ƙasarsu. Inabin gangaren da rana ta fi duka ya riga sauran nuna, shi aka fara murzawa a ƙaramin kwami. Ruwan inabin ya yi ta tafasa da kansa ba wuta, Baudilio na danna ɓawon da sanda safe da yamma kada samansa ya bushe. Da ya lafa, aka tashi juye shi a Mai Ciki, babbar gangar da Donya Eufrasia ta zo da ita cikin kayan aurenta. Zunilda na tsakar gida tana shanya, tana hangensa ta ƙofa. Ya cire hula, ya kafa hanci, ya rufe ido. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Sannan ya ce "Zuba," muryarsa ƙasa-ƙasa.

Cikin makonnin nan maƙwabta uku suka aiko a kira shi, duk ya ce gwiwa ta hana shi hawa doki. Gwiwarsa lafiya lau, ta gan shi yana tsallake kwata da buhu a kafaɗa. Sai ta gane ba zai yi ƙarya a kan gangar wani ba. A kan tasa ya yi, don in bai yi ba sai ya faɗi dalili.

Mako uku bayan haka babban kwami ya lafa, kuma a cikinsa ne yawancin giyar take. Nibaldo ya zo da sassafe da motarsa don ya kama aiki. Baudilio ya sake tsumman da ke naɗe da murfin Mai Ciki, ya jefa tsohon a kwandon wanki, 'yan'uwan biyu suka shige ɗaki. Zunilda ta sunkuya za ta ɗauki kwandon, warin ya doke ta kafin hannunta ya kai. Ta ɗaga tsumman. 'Yan ƙananan ƙudaje suka tashi. Khal ne, ba tantama, ya shiga ya zauna.

Ta tsaya da tsumman a hannu. Mai Ciki ta tafi. In sauran gangunan ma akwai mai tsami, kafin la'asar tudun ya tafi da ita. Ta nufi ɗakin, ta tsaya inda ta saba tsayawa in akwai ido, yatsun ƙafarta na taɓa dokin ƙofa. A ciki Baudilio ya gama da Baƙa, ya ce "Zuba," ya matsa wajen Gurguwa ya sunkuya.

"Tsoho," ta ce.

"Muna aiki, Tsohuwa."

"Na sani. Tuna maka zan yi. Ba jiya ka ce mini kana shakkar Mai Ciki ba? Ka ce tsummanta na tashin tsami, za ka sake duba sauran a tsanake kafin a zuba?"

Ya ɗago ya dubi tsumman, ya dube ta. Nibaldo ya miƙo hannu ya fizge shi, ya kai hanci. Shekara talatin yana busa sigari a bayan sitiyari, amma sai da ya yi baya yana tari.

"Kai! Wannan ai ko gawa aka shinshina wa sai ta yi atishawa! Yaya, ka san da wannan tun jiya ka yi gum?"

Ƙofa ce ta buɗe masa, in ya so ya bi ta. Abin da kawai zai ce shi ne e, ya yi shakka. Baudilio ya juya hularsa a hannu sau biyu, ya zauna a kan wani ɗan kututture.

"Ban ce mata komai ba jiya. Asirina take rufawa." Ya dafa hancinsa da yatsa. "Wannan ya mutu, Nibaldo. Tun Yuli. Ganga da tulun ruwa da takalminka duk ɗaya ne a wajena. Ni na ce a zuba wa Mai Ciki, kuma ban ji komai ba lokacin da na faɗa."

A waje giyar kwami na 'yar ƙara, kamar ruwa na shiga yashi.

"Ke tun yaushe kika sani?" in ji Baudilio.

"Tun ranar wake."

"Wane wake?"

"Ka gani ko."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya goge ido da bayan hannu.

"Shigo, Nilda. Ara mini naki."

Nan take Nibaldo ya tare ƙofar da hannu biyu.

"A'a fa! Ganga ɗaya ta tafi, so kuke a ƙarasa sauran? Yaya, hanci ne ya mutu ko kai? Mama na kwance a maƙabarta, ku bar ta ta huta. Ke kuma matar Yaya, da girmanki?"

"Ashe direba ma na da camfi? Ba kai ke ce mana mutanen ƙauye ba?"

"Camfi daban, giya daban."

Zunilda ta ajiye kwandon wanki a ƙasa. Ta ji kunya kamar ranar da tana amarya.

"To ku saurara, ku biyun. Shekara arba'in da ɗaya ina shiga ɗakin nan. Kullum, da rana, kuna minshari. A nan nake ajiye cukuna. Duk giyar da kuka sha kuna buga ƙirji, an yi ta ne ina shiga ina fita. Bana ce kaɗai na ji tsoro na daina, kuma ga abin da tsoron ya saya mana. Da na shiga da na ji warin nan tun gangar na fayau." Ta juya ga mijinta. "Ka yafe mini, Tsoho. Na ɓoye maka."

"Takalminki na hagu yana cinyewa ta waje," in ji Baudilio. "Tun kina yarinya haka kike taka ƙasa."

Ta dube shi ba ta gane ba. Ya nuna tsintsiyar da ke rataye a bayan ƙofa, wadda duk zamanta a gidan take ɗauka ta share yanar gizo ce.

"Daɓen nan ƙasa ne, Nilda. Sawu daga ƙofa zuwa bayan Mai Ciki, sawu daga can zuwa ƙofa. Ni nake tashi in share kafin Mama ta farka ta leƙo."

"Mama ta rasu shekara goma sha tara."

"Hannu ya saba." Ya sunkuyar da kai. "Bana da na daina ganinsu, sai ɗakin ya yi mini faɗi. Kullum in shigo in duba ƙasa."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Ta yaya zan tambayi abin da ban sani ba?"

Ta sa bakin gyalenta ta toshe baki, ita kanta ba ta san ko dariya ce ke zuwa ko kuka ba. Hannayen Nibaldo suka sauko daga ƙofar a hankali.

"Dakata tukuna. Cukun nan da ke bayan Mai Ciki, mai ɗan barkono a jiki..."

"Ashe kai ne ɓeran."

"Ni na zaci Mama ce ke ɓoyewa!"

"Mamar da ba ta shiga?"

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya dubi yayansa, ya dubi dokin ƙofa, ya matsa gefe.

"Yana da daɗi dai," ya ce. "Wuce, kafin in sake shawara."

Ta tsallaka da ƙafar hagu, ƙofa a buɗe, maza biyu na kallo. Ɗakin da ta sani a duhu da sanɗa sai ya zame mata baƙo. Baudilio ya kama hannunta ya kai ta gaban Baƙa.

"Kada ki ja da ƙarfi, hanci zai gaji. Bugi cikinta da tafin hannu, iskar ƙasa ta taso. Yauwa. Yanzu kaɗan-kaɗan, sau uku. Kada ki ce mini mai kyau ce ko marar kyau, faɗa mini abin da kika ji."

Ta rufe ido.

"Ƙasa bayan ruwan farko. Da busasshen ɓaure. Da ɗan hayaƙi, can nesa."

"Babana ne ya ƙona cikinta shekarar da aka haifi wannan ɓeran. Tana nan yadda na san ta." Ya juya ga ƙaninsa. "Zuba."

Auta ma haka, ƙamshin giyar bara na nan a jikinta, lafiya lau. Da suka zo kan Gurguwa, Zunilda ta buga, ta shaƙa, ta ɗago, ta sake komawa.

"Da farko kamar babu komai. Amma a ƙarshe akwai wani abu mai tsini, yana sukar bayan hanci. Kamar ruwan da 'yan mata ke goge jan farce da shi."

Baudilio ya ja da baya. Ya mayar da hularsa.

Suka mirgina Gurguwa waje. Sai ga giyar ganga guda ba ta da masauki, kuma ba ta jira, don in ta kwana biyu a kwami iska na dukanta ita ma ta bi Mai Ciki. Nibaldo ne ya zaro makullin mota, yana mita.

"Man fetur ɗina, lokacina, kuma a ce ni ne ɓera."

Ya bi gida-gida a tuddan yana aron manyan tulunan gilashin nan masu rigar saƙa da kowace tsohuwa ke da uku ko huɗu a bayan ɗaki. Kafin rana ta karkata ya yi sawu uku, motar na ƙara kamar kantin tangaran. Zunilda ta wanke su da ruwan zafi, ta shinshina kowanne, ta ware biyu da aka taɓa zuba wa kananzir. Abin da ya faɗa wa mutane a hanya kuwa, kafin Lahadi ba wanda bai san labarin hanci da cuku da tsintsiya ba.

Mai Ciki ce ta fi yi wa Baudilio ciwo. Sai da aka haɗa maza shida da sanduna aka kai ta tsohon rumbun da ke can ƙasan gida, nesa da sauran. Ya so ya buɗe ta ya zubar a kwata. Zunilda ta riƙe masa hannu.

"Giya ce ta lalace, Tsoho. Khal ɗin bai lalace ba. Bar shi ya ƙarasa."

Ta buɗe murfin, ta rufe bakin da yadi mai shara-shara, ta bar wa iska aikinta. Da sanyi ya shigo ta sayi buhunan ƙananan albasa a wajen maƙwabciya, ta tsaga kan kowacce gida huɗu, ta jera a kwalabe masu faɗin baki, ta cika da khal ɗin Mai Ciki. Cikin wata guda suka rine ja-ja-wur. Duk gidan da ake cin wake a yankin nan ana son albasar khal a gefen kwano, kuma na kanti ruwa ne da launi.

A watan Nuwamba Donya Orfelina ta iso, gajeruwar mace mai tabarau a wuya, ba ta son dogon zance. Aka ɗebo mata daga Baƙa. Ta juya kofin, ta shaƙa, ta kurɓa, ta sake kurɓa. Nibaldo, wanda ya ce wucewa kawai yake yi, ya tsaya a jikin lemo yana murza makulli. Zunilda ta ji hannun mijinta ya nemo nata a ƙarƙashin tebur.

"Ita ce," in ji Donya Orfelina. "Nawa kuke da ita?"

Ta ɗauki ta Baƙa da ta Auta duka, ta bar musu ta tulunan gilashi su sayar wa masu wucewa. Ana cin abincin rana ta ɗauki albasa ɗaya, ta ɗauki ta biyu, ta tambayi inda ake sayenta. Da ta tafi akwai kwali shida na albasa a bayan motarta. Ta so baɗi su ninka mata giyar, ko da za su sayi inabin wasu su haɗa. Zunilda ta ce a'a, abin da tudun ya bayar shi za ta samu, in ta ƙara da na wani ba ita ce giyar da aka yaba ba. Zunilda da mijinta suka ɗura kwalaben da mazurari a ƙarƙashin rumfa, ita ta rubuta takardun da hannunta, shi ya liƙa, rabinsu a karkace. Abin da ganga biyu ta kawo ya fi abin da motoci suka ba su a kaka uku.

Nibaldo ya karɓi rabonsa ya sa a aljihu bai duba ba. Ya koma mota ya dawo da wani abu a naɗe cikin tsumma, an ninke shi tsaf, ya dire a gaban Zunilda. Cukun kanti ne.

"Na rage bashi," ya ce.

"Wannan roba? Saura arba'in, kuma na gaske."

Ya ɗaga yatsa, ya dube shi, ya mayar aljihu.

"Wata kakar ɗaya. Mu gani."

Hancin Baudilio bai dawo ba. Da kaka ta zagayo, maƙwabta suka aiko kamar da, sai dai saƙon ya ƙaru: a ce wa Don Baudilio ya zo, kuma in ba damuwa ya taho da tsohuwar. Wasu suka buɗe mata ƙofa ta shiga. Wasu kuwa sun gwammace su haɗa ƙarti huɗu su turo ganga har bakin ƙofa, ta tsaya daga waje ta miƙa wuya, wai an kiyaye doka. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta buga, ta shaƙa sau uku, ta faɗa masa abin da ta ji, ɓaure ko danshi ko jan farce, shi kuma ya saurara ido a rufe, hula a hannu, ya yanke hukunci. Kazar da ake ba su ta ce tata ce, tunda hancin nata ne. Ya ce hanci ba fassara ai na kare ne. Suka yi ta wannan a kan hanya, ita a kan godiya, shi yana jan linzami.

Ranar da suka cika nasu gangunan, bayan an gama, ta ɗauko cukunta ta mayar inda Mai Ciki take da, shi yana riƙe mata kwandon. Da za su fita ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwaya. Sawu ne a daɓen, manya da ƙanana, sun haɗu sun cakuɗe daga ganga zuwa ganga, na hagun nan mai cinyewa ta waje yana bin gefen nasa. Hannunsa ya tafi wajen tsintsiya da kansa. Ya riƙe ta kaɗan, ya sake ta tana lilo a jikin ƙusa.

"Tsohuwa, me ɗakin ke yi yanzu?"

Ta shaƙa.

"Sabuwar giya. Jiƙaƙƙen katako. Cuku. Da wani tsoho da ya kwana biyu bai sake riga ba."

"Mai kyau ce ke nan," ya ce, ya ja ƙofar.